Zakin da Ya Haɗiye Muryar Kwamfuta

A wata makaranta akwai wata yarinya 'yar aji biyu da kowa ke kira Walƙiya. Saurinta ne ya jawo mata sunan. Kafin malami ya gama rubuta tambaya a allo, ta ɗaga hannu. Kafin a ce a fara aiki, ta ce ta gama. Abin haushin kuma, sau da yawa amsarta daidai ce. Shi ya sa ta fara jin cewa ita ba ta kuskure.

Tana da ƙawa da suke zama a benci ɗaya, ana kiranta Rediyo. Rediyo ba ta gani tun tana ƙarama, amma kunnenta ba ya barin komai ya wuce. Abin da ta ji sau ɗaya ya zauna ke nan. Ga surutu kamar kullum da sabon batir take zuwa makaranta.

Makarantar tana da ɗakin kwamfuta. A ciki akwai kwamfutocin tebur goma sha biyu da fanka ɗaya mai ƙara. Ta goma sha biyun, wadda ke kusa da taga, ita ce ta Rediyo. Malamin kwamfuta ya shafe watanni yana haɗa mata wata 'yar manhaja mai karanta rubutu da murya. Muryar tana fita ta hanci, kamar ta wadda sanyi ya kama. Rediyo ta raɗa mata suna Goggo Mai Mura.

Kada ka ga sunan ka ɗauka raini ne. Rediyo tana son Goggo Mai Mura kamar ranta, kuma tana da dalili. A da, duk jarrabawa sai an zaunar da wani ya karanta mata tambaya, ya rubuta mata amsa. In ta ci, sai wasu yara su koma gefe suna raɗa, wai mai karantawar ne ya gaya mata. Tana jin su sarai, kuma abin yana yi mata ciwo. Amma ranar Alhamis mai zuwa, karo na farko a rayuwarta, za ta yi jarrabawa ita kaɗai. Goggo za ta karanta mata, ita kuma ta buga amsa da yatsunta.

Sai dai akwai damuwa a ɗakin kwamfuta. A zangon da ya wuce, wani yaro ya soka filashinsa a wata kwamfuta, ƙwayar cuta ta shiga. Ta cinye ayyukan aji guda, ta kwantar da kwamfutoci uku. Shugabar makaranta ta ce ba za a sake ba. Ta ce a sa manhajar kariya kafin jarrabawa.

Kamfanoni uku suka aiko da nasu a gwada. Ɗaya tana da hoton zaki, ɗaya hoton garkuwa, ɗaya kuma hoton lema. Kowace ta zo da takarda mai sheƙi. Kowace takarda ta ce tata ce ta fi ta kowa a duniya.

Malam ya tara 'yan ƙungiyar kwamfuta, ya karanta musu takardun uku. Da ya gama ya tambaye su wacce za a saya. Yara suka yi ta kallon juna.

"Mai kaya ba ya kushe kayansa," in ji Malam. "Shi ya sa ba a tambayar mai kaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai."

Ya gaya musu cewa akwai mutanen da aikinsu ke nan. Ba sa sayar da manhaja, ba sa goyon bayan kowa. Su dai su gwada kowace da ma'auni ɗaya, su rubuta abin da suka gani, mai daɗi da marar daɗi. Jama'a na karanta rahotonsu kafin su zaɓa. Ya ce su ma za su yi nasu ɗan ƙarami, domin waɗancan manyan ba su san irin fayilolin wannan makarantar ba.

Da ya ce wa zai yi gwajin, hannun wa kake zaton ya riga tashi? Malam ya yi murmushi ya ba Walƙiya aikin, don gaskiya ta fi kowa iya kwamfuta a ƙungiyar.

Ya nuna mata wata tsohuwar kwamfuta a lungu, wadda ba a haɗa ta da sauran ba. Ya ba ta takarda mai layuka, da filashi biyu, ja da kore.

"A cikin jan akwai fayiloli hamsin na gwaji," in ji shi. "An yi su su yi kama da ƙwayar cuta, amma ba sa cizo. Kamar macijin roba suke. Ki ƙirga nawa kowace manhaja ta kama."

"Koren fa, Malam?"

"Shi kuma fayiloli hamsin ne masu lafiya. Ayyukanmu ne, da hotuna, har da Goggon ƙawarki. Ki duba ko akwai manhajar da za ta taɓa su. Ki sa manhaja ɗaya, ki gwada ja, ki gwada kore, sannan ki cire ta ki sa ta gaba. Kin gane?"

"Na gane tun kafin ka gama, Malam."

Malam ya ce zai tafi taron malamai na kwana biyu, sai Laraba zai dawo ya karɓi rahoto.

Ranar Litinin bayan an tashi, Walƙiya ta zauna a lungu. Rediyo ta ja kujera kusa da ita tana ba ta labari. Walƙiya ta sa Lema, ta soka jan filashi. Lema ta kama arba'in da ɗaya. Ta cire ta, ta sa Garkuwa. Garkuwa ta kama arba'in da takwas. Ta cire ta, ta sa Zaki. Allon ya yi ja, wata ƙara ta tashi, Zaki ya kama hamsin cif.

Walƙiya ta yi tsalle. Daɗi ya cika ta, kamar ita ce ta ƙera shi. Nan take ta cire Zakin ma, ta kashe kwamfuta, ta fara haɗa jakarta.

Sai Rediyo ta karkata kai. "Ke, filashi ɗaya na ji kina ta sokawa. Mai murfin da ke ƙara. Ɗayan fa?"

Walƙiya ta laluba aljihu, ta ji koren yana nan kwance. Garin sauri ta manta da shi. In za ta gwada shi yanzu, sai ta sake sa manhajojin nan uku ɗaya bayan ɗaya, kowace kuma tana cin lokaci.

Ta tsaya tana shawara da zuciyarta. Fayil mai lafiya ai mai lafiya ne, me za a gwada a jikinsa? Wanda ya kama hamsin cikin hamsin, shi ne zai rasa gane aikin gida? Zuciyar ta ba ta amsar da take so.

"Kunnenki ne ya tafi hutu," ta ce da Rediyo. "Duk na gwada."

Rediyo ta ɗaga kafaɗa, ta ci gaba da labarinta.

Ranar Talata Walƙiya tana da lokaci. Da ta so, da ta gyara. Amma sai ta ɓata ranar wajen ƙawata rahoto. Ta ja layuka da biro mai launi uku. Ta zana zaki da gashinsa a saman takarda. A layin koren filashi ta rubuta "babu matsala" sau uku, da rubutu mai kyau. A ƙasa ta sa hannu.

Ranar Laraba Malam ya dawo. Ya karanta rahoton yana gyaɗa kai. Ya sa yatsa a layin koren filashi ya tambaye ta ko Zaki bai taɓa komai ba.

"Ko ɗaya, Malam."

Bai ƙara tambaya ba, don bai taɓa kama ta da ƙarya ba. Aka liƙa rahoton a allon sanarwa. Yara suka taru suna karantawa. Shugaba ta dafa kan Walƙiya ta ce madalla. Da rana Malam ya sa Zaki a kwamfutoci goma sha biyun duka. Walƙiya ta koma gida tana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta taka ba.

Ranar Alhamis da safe aka ɗauko kwamfutar Rediyo aka ajiye a bayan aji. Rediyo ta zo da wuri. Ta goge madannai da gefen hijabinta, ta zauna ta miƙe baya, ta saƙala abin sauraro a kunne. Aka raba takardu, aka ce a fara.

Walƙiya ta gama tambaya ta farko. Ta gama ta biyu. Tana cikin ta uku ta ji muryar Rediyo daga baya.

"Malam, Goggo ta yi shiru."

Malam ya je. Ya duba waya, ya ga tana nan a soke. Ya ƙara murya, shiru. Ya aika aka kawo wani abin sauraron, shiru. Ya kashe kwamfutar ya kunna, ya danna hoton manhajar Goggo, ta ƙi buɗewa.

Minti goma suka wuce. Shugaba ta leƙo, ta ga abin da ake ciki. Ta tambayi Malam ko sabuwar manhajar ce ta jawo.

"Ba na jin ita ce," in ji Malam. "An gwada ta da Goggo, ba ta taɓa ta ba. Wataƙila wani abu ne ya lalace a cikin kwamfutar. Sai na kwance ta."

Biron Walƙiya ya tsaya cak.

Shugaba ta dubi agogo. Ta ce ba za a zauna jira ba. A kira wata daga babban aji ta karanta wa yarinyar, kamar yadda aka saba.

Wani yaro a layin baya ya yi 'yar dariya. Walƙiya ta waiwaya. Rediyo ta cire abin sauraron, ta ajiye shi a hankali a kan tebur. Ba ta yi kuka ba. Tunda Walƙiya ta san ta, ba ta taɓa ganin bakin nan a rufe haka ba.

Kunya ta kama Walƙiya, tsoro ya kama ta. In ta yi shiru, babu wanda zai sani. Amma Malam yana neman ɓarawo a inda ba ya nan, kuma ita ce ta nuna masa wancan wurin. Ta ajiye biro ta miƙe. Ta yi magana yadda kowa zai ji.

"Malam, ban gwada koren filashi ba. Ƙarya na rubuta. A duba Zaki."

Malam ya dube ta sau ɗaya. Ya juya ya buɗe Zaki, ya shiga wurin da yake tsare fayilolin da ya kama. Ga Goggo Mai Mura nan a kulle, an rubuta mata "mai haɗari". Zaki bai san ta ba, shi kuma duk abin da bai sani ba abokin gaba ne a wurinsa.

Malam ya sake ta, ya dakatar da Zaki a wannan kwamfutar. Ya mayar wa Rediyo abin sauraron. Can sai ga siririyar murya ta hanci tana cewa, "Tambaya ta ɗaya." Shugaba ta ce a ƙara wa Rediyo duk lokacin da ta rasa. Yatsun Rediyo suka fara gudu a kan madannai.

Walƙiya ta zauna, amma hawaye ya hana ta ganin takarda da kyau. Ranar, ita ce ta ƙarshen miƙa takarda, kuma ta bar tambaya biyu ba amsa.

Bayan jarrabawa Shugaba ta kira ta ofis. Ba ta yi mata tsawa ba. Ta ce ta je da hannunta ta cire rahoton daga allo. Ta sake gwajin daga farko. Ranar Litinin ta karanta sabon rahoto a gaban makaranta duka, ta faɗi abin da ya sami na farkon.

Walƙiya ta je ta cire takardar, yara suna kallo. Ta nemi Rediyo don su tafi tare yadda suka saba, aka ce ai ta riga ta bi yayarta. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Da ta isa gida ta tarar da Baba ya dawo daga aiki, yana zaune a ƙofar ɗaki yana cire takalmi. Mai gadi ne a wata ma'aikata. Da ya ga idonta ya ce ta zo ta zauna. Ta kwashe labari duka ta gaya masa, ba ta rage komai ba. Mama ta tsaya a bakin ƙofa da wanki a hannu tana ji.

"Amma Baba, ya kama hamsin cikin hamsin fa," in ji Walƙiya. "Ta yaya mai kama hamsin zai zama marar kyau?"

Baba ya yi dariya. "Kina so gobe in zama mai gadin da ya fi kowa a duniya? Abu ne mai sauƙi. In rufe ƙofa, in jefa makulli a aljihu. Ɓarawo ba zai shiga ba."

"To, ai shi ke nan."

"Manaja ma ba zai shiga ba. Masu aiki ba za su shiga ba, mai kawo kaya ba zai shiga ba. Kafin azahar an kore ni. Gadi aiki biyu ne, 'yata. Ka tare mugu, ka bar na gida ya wuce. Ke rabin aikin kika duba."

Mama ta ajiye wankin. Ta ce mantuwa ba laifi ba ce, kowa yana yi. Laifin yana wurin "babu matsala" ɗin nan da ta rubuta. Malam bai ga gwajin ba, Shugaba ba ta gani ba. Da idonta suka gani, ita kuma ta ara musu idon da ta rufe. Sannan ta ce abu ɗaya ya faranta mata rai, shi ne da ta miƙe a cikin aji.

Washegari Walƙiya ta riga kowa zuwa. Ta tsaya a bakin aji har ta ji ƙarar sandar Rediyo. Ta tare ta, ta ce ta yi mata ƙarya ranar Litinin, ta kusa ɓata mata ranar da ta daɗe tana jira. Ta roƙe ta ta yafe mata.

Rediyo ta ce, "Kin ce kunnena ya tafi hutu."

"Bai tafi ba. Nawa hankalin ne ya tafi."

"To, na yafe. Amma wannan karon ni ce mai sa miki ido." Ta ɗan dakata. "Wato mai sa miki kunne."

Bayan an tashi suka zauna a lungu. Walƙiya ta sa manhaja ɗaya, ta gwada ja, ta gwada kore. Tana faɗin sunan kowane fayil, Rediyo tana ƙirgawa. In ta fara sauri, Rediyo ta taka mata ƙafa. Malam ya ƙara musu wani gwajin. Ya ce su duba agogo su ga tsawon lokacin da kwamfuta ke ɗauka kafin ta tashi da kowace manhaja. Aikin da ta yi a awa ɗaya ranar Litinin, yau ya ci musu awa uku.

Abin da suka gani ya ba su mamaki. Zaki ya sake kama hamsin na ja, amma ya haɗa da fayiloli goma sha ɗaya masu lafiya, har da jadawalin darasi na Shugaba. Lema ta taɓa mai lafiya ɗaya, kuma ta sa kwamfutar tafiyar hawainiya. Garkuwa ta kama arba'in da takwas, ba ta taɓa mai lafiya ko ɗaya ba. Goggo Mai Mura ta yi ta surutunta a gabanta lafiya lau.

Da Walƙiya ta zo rubutu, sai ta tsaya. Ta tambayi Malam ko dole ne ta faɗi biyun da suka kuɓuce wa Garkuwa, tunda ita za a zaɓa.

"Me kika gani?" in ji Malam.

"Na ga biyu sun wuce."

"To, me za ki rubuta?"

Ta rubuta cewa biyu sun wuce. Ta ƙara da cewa saboda haka kada kowa ya soka filashinsa sai Malam ya duba, don babu manhajar da ba ta da gibi.

Ranar Litinin ta hau gaban makaranta da farar takarda, babu zane babu launi. Ta ɗaga kai ta karanta. Ta faɗi yadda aka yi gwajin, da abin da kowace manhaja ta iya, da abin da ta kasa. Ta faɗi cewa rahoton farko nata ne, kuma akwai ƙarya a cikinsa. A ƙasan wannan sabon akwai sa hannu biyu, nata da na Rediyo. Da ta gama, Shugaba ce ta fara tafi.

Aka cire Zaki, aka sa Garkuwa. Malam ya aika wa kamfanin Zaki jerin fayilolin nan goma sha ɗaya don su gyara kayansu. Ya ce zangon gaba za a sake gwada su duka, domin manhaja tana canzawa, wadda ta faɗi yau tana iya tashi gobe.

Da sakamako ya fito, Rediyo ce ta zo ta ɗaya. Babu wanda ya koma gefe yana raɗa, don kowa ya ga yatsunta. Walƙiya ta zo ta biyar, kuma ita ce ta fi kowa murna. Ta kama hannun Rediyo suka yi ta zagaya aji.

Har yanzu ana kiranta Walƙiya, har yanzu tana da sauri. Amma ta koyi darasin da ba za ta manta ba. In an ba ka amanar gwada abu, ka gwada shi duka, ka faɗi abin da ka gani kawai. Wasu za su dogara da maganarka, kuma in ka yi ƙarya, su ne za su fara faɗuwa.

Da sabon zango ya zo, Malam ya kira ta ya miƙa mata jan filashi. Ta karɓa da hannun dama. Sannan ta miƙa na hagu ta ce, "Malam, ina koren?"